Kada a Ɗaga Bikin

Badi'a 'yata, assalamu alaikum daga asibitin Alƙahira. Ya mamanki da mutanen Panshekara? Ni lafiya lau, har ƙafafuna sun yi ƙiba.

Likita ya zana min hoto, tunda ubanki a aji uku ya tsaya. Wai ciwon dajin mafitsarar nan tawa yana da ƙwayoyi iyaye. Magani ya kashe 'ya'yan, iyayen suka laɓe, suka sake haihuwa. Duk fatar da na jeme a masana'antar Challawa, gashinta bai taɓa dawowa ba. Ni ne ban jemu ba.

Kada a ɗaga bikinki saboda ni. Dama baffanki Ya'u ne waliyyi, nawa zaman tabarma ne. Ki ba shi babbar rigar da na ɗinka, ta yi min yawa yanzu.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki,
Gwadabe