Jan Dutse Bai Tsare Juulut Therkelsen Ba

Cikin alhini da ɗacin rai, Ƙungiyar Masunta da Mafarautan Sarfalik ke sanar da al'umma rasuwar dattijonmu, tsohon shugabanmu kuma mai kula da ma'aunin ruwa, Juulut Therkelsen, wanda teku ta haɗiye da safiyar Talata a gaban bangon ƙanƙarar da ke gangarowa daga tsaunuka zuwa cikin teku, yana da shekara sittin da huɗu.

Waɗanda suka gani daga tudu sun ce bangon ya tsage tun daga sama har gindi da ƙara mai toshe kunne, gungumen da ya ɓalle ya kife da baya, gindinsa ya ɓullo daga ƙarƙashin teku ya ɗaga jirgin marigayin ya maka shi da ruwa, sannan igiyar ruwa ta biyo ta farfasa jirage biyar a gaɓa, ta kwashe karnuka tara da sarƙoƙinsu. Kwana uku muna nema, murfin inji da safar hannu ɗaya muka samu.

Shekara arba'in marigayin yana shimfiɗa mamari, doguwar igiya mai ƙugiyoyin kamun kifi, a wannan mashigin teku, kuma tun zamanin iyayenmu dokarmu ɗaya ce: kada jirgi ya wuce Jan Dutse, wanda muke shafa wa fenti duk bazara. Shekara shida da suka wuce ya fara ɗaura ma'aunin zafi a ƙarshen igiyarsa, ya gano cewa ruwan can ƙasa, mai shigowa daga babbar teku, yana ƙara ɗumi, yana cin gindin ƙanƙarar, tana ƙara saurin gangarowa. Sau uku ya miƙe a taro yana cewa, "Ku sama kuke kallo, ita kuwa ta ƙasa ake yanka ta. A dawo da alamar baya, zuwa Tsibirin Agwagi." Sau uku muka ƙi, saboda kifin ya fi taruwa kusa da bangon, har wani ya ce masa, "Tsoho, in ruwan ya yi ɗumi sai ka shiga ka yi wanka," muka yi dariya.

Ƙungiya na so kowa ya sani cewa marigayin bai karya doka ba. Bai wuce Jan Dutse ba, yana inda muka ce babu haɗari, yana auna mana ruwa.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga uwargidansa, Naasunnguaq, da 'ya'yansa da jikokinsa, tare da addu'ar Ubangiji ya ba su ƙarfin zuciya, shi kuma ya ba shi hutawa.

Daga yau an haramta wa kowane jirgi wuce Tsibirin Agwagi. Da hannuna na shafa wa tsibirin fenti jiya, hannun da na ɗaga sau uku na ce a'a.

Sa hannu:
Malakias Jeremiassen
Kakakin Ƙungiyar Masunta da Mafarautan Sarfalik