Ɗakin da Keken Baba Zai Juya

Asabar, 6 ga Satumba

Likita ya ce nan da mako biyu za a sallami Baba. Ƙugunsa da ya karye ya fara haɗewa, amma tafiya tukuna, sai a keken marasa lafiya. Ba zai koma zaman shi kaɗai ba, wannan kowa ya yarda. Inda aka rabu shi ne gidan wa zai je.

Yaya ya ce nasa, na ce nawa. Shi kuwa gidansa can wani gari ne mai nisa, in ya tafi da shi sai dai in riƙa jin muryar ubana a waya. A bakin ɗakin asibitin muka tsaya muna ja-in-ja ƙasa-ƙasa kamar yara. Ƙarshe ya ce, "Ke da gidanki ko allura ba ta da wurin faɗuwa? To na ji. Alhamis ta sama zan zo da keken. In ya shiga ɗakin baƙin nan naki ya juya bai taɓa komai ba, Baba naki ne. In bai juya ba, kar in ƙara jin bakinki."

Na ce na yarda. Da baki ai komai mai sauƙi ne.

Lahadi, 7 ga Satumba

Na buɗe ɗakin. Wato na buɗe rabin ƙofar, don iya inda ta yarda ke nan.

Ɗakin baƙi ne a suna kawai, rabon da baƙo ya kwana a ciki tun Auta tana rarrafe, ga ta yanzu ta fi ni tsawo. Fankoki marasa kai, rediyo kan rediyo, fulas ba murfi, murfi ba fulas, takalma wari-wari, wata katifa da ta lanƙwashe ta jingina da bango kamar ta gaji da rayuwa. Rabin tarkacen na maigidan ne. Akawu ne, amma a gidan nan Injiniya muke ce masa, don duk abin da ya lalace sai ya ce a ajiye zai gyara. Na ɗaga wani dutsen guga da ya yi tsatsa, ya ce, "A'a, wannan waya ɗaya ce kawai ta tsinke a ciki." Auta ta ce, "Abba, tun ina firamare wayar take tsinke."

Ɗaya rabin kuma, to. Laifi tudu ne.

Can ƙuryar ɗakin kabad ɗin marigayiya Inna yake. Shi ba ya cikin lissafi.

Litinin, 8 ga Satumba

Na ɗauki hutu a ofis. Auta ta ce mu kira ɗan gwangwan ya kwashe komai a huta. Na ce ba a gidan nan ba. Mu a gidanmu ba a zubar da abu, haka Baba ya raine mu. Ko robar man shafawa ce ta ƙare sai ya wanke ta ya ce ajiya maganin wata rana. In abu ya ishe ka, sai ka nemi ɗan'uwa ka ba shi. Haka Goggo take, haka Kawu yake, haka duk dangin.

Don haka na kasa kaya kashi-kashi a tsakar gida. Fankoki da rediyo na Kawu, tunda yana da mai gyara a layinsu. Kuloli da fulas na Goggo. Katifa da labulaye na ƙanwata. Na ji daɗin kaina ƙwarai, ga shara ga zumunci.

Talata, 9 ga Satumba

Atishawa tun safe. Na tsinci almakashin da na zargi maƙwabciya da shi bara.

Alhamis, 11 ga Satumba

An gama rabo. Injiniya ne ya yi ta jigila da mota, fuska a ɗaure kamar mai kai 'ya'yansa makarantar kwana. A gidan Kawu wai sai da ya tsaya yana bayanin ciwon kowace fanka.

Yau na ga daɓen ɗakin. Ashe shuɗi ne! Na yi masa hoto na tura wa Yaya ba tare da na rubuta komai ba. Ya gani, bai amsa ba. Ya ji a jikinsa.

Asabar, 13 ga Satumba

Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Labari ya zaga dangi cewa Baba gidana zai sauka. Da hantsi sai ga Goggo da mota cike, har da ɗauri a sama. "Ai ba za a kawo yayana ɗaki fayau kamar maraya ba," in ji ta. Aka fara saukewa. Fanka ta farko da na gani, na san ta, ta san ni. Ita ce mai karyayyen wuya da na ba Kawu ranar Alhamis. Shi ya ba Goggo, ita kuma ta goge ta tas, ta ɗinka mata riga, ta kawo wa Baba. Na ce, "Goggo, wannan ai ba ta aiki." Ta ce, "Ke ma dai, ba mijinki yana gyara ba?"

Injiniya ya karɓe ta hannu biyu. Wallahi har idonsa ya kawo ruwa.

Lahadi, 14 ga Satumba

Kawu ya aiko da fulas ɗina, waɗanda na ba Goggo. Ƙanwata ta dawo da katifa, wai ta mai jinya ce, ta haɗo da kujeru biyu da ita ma suka dame ta. Har matar Yaya ta aiko da teburi. Na so in ce makirci ne, amma na san baiwar Allah, tsakani da Allah ta yi.

Kowa ya samu inda zai sauke nasa da sunan Baba, kuma ba dama ka ce wa babba a'a. Ƙofar ta koma buɗuwa rabi. Na zauna a kan wata kula na yi ta dariya har Auta ta leƙo ta ga ko lafiya. Daga baya dariyar ta tsaya, don saura kwana huɗu Yaya ya zo, kuma in ya zo ya tarar da haka, shi ke nan.

Litinin, 15 ga Satumba

Na kira ɗan gwangwan. Allah ya sa Baba bai ji ba.

Ya zo da kurarsa da ma'auni, yana ɗaga fanka yana jefawa kamar ba 'yar kowa ba. Injiniya ya kasa kallo, ya shiga ciki, ya fito, ya sake shiga. Na ga ya soke wata ƙaramar rediyo a cikin riga. Na yi kamar ban gani ba, aure ai sai da kawaici.

Abin da yake da sauran amfani kuma na kafa sabuwar doka: sai wanda ba mu haɗa jini da shi ba, wanda bai san hanyar gidan Goggo ba. Mai shara ta kwashi kuloli, mai wanki ya ɗauki katifa da teburi, kujeru suka bi mai kawo ruwa. Kowa na gargaɗe shi, in ya gaji da su ya yi gaba da su, kar ya waiwayo.

Wani sanyi na ji da kurar ta sha kwana. Ban zaci haka ba.

Talata, 16 ga Satumba

Mun shigar da gadon Baba, muka aro keke a wajen maƙwabciya, na mahaifiyarta. Auta ta hau na tura. Ya shiga lafiya. Wajen juyawa sai ƙwas, ya daki kabad ɗin Inna.

Muka ja gadon jikin taga, ƙwas. Muka mai da kabad ɗin ɗaya bangon, Injiniya yana nishi kamar zai haihu, nan ma ƙwas. Falo ba zai ɗauke shi ba, ƙofar ɗakinmu kuma ta yi masa kaɗan, mun gwada har fenti ya ɓare.

Auta ta ce, "Umma..." Na ce kar ta ƙarasa.

Laraba, 17 ga Satumba

Na je asibiti da niyyar in tambayi Baba. Na tarar da shi yana ninke ledar magani yana turawa ƙarƙashin matashi. Ina zan fara? In ce masa zan ba da kabad ɗin matarsa? Na yi ta kewaye-kewaye, hirar abinci, hirar masu jinya. Da zan tafi ya riƙe mini mayafi ya ce, "Yayanki ya ce in shirya doguwar tafiya. Ni dai bayana ba ya son mota." Baba bai taɓa roƙon kowa abu ba, iyakarsa ke nan.

Da na dawo na buɗe kabad ɗin. Shekara da shekaru ina tsaronsa, ban cika buɗewa ba. Babu komai a ciki sai tsofaffin jaridun da ta shimfiɗa da ƙanshin turarenta kaɗan, ko kuma ni ce nake jin haka. Gefen murfin ya yi santsi daidai inda take kamawa. Na sa hannuna a wurin na daɗe. Ina kewarta, abin da ke akwai ke nan, kuma katako ba zai rage mini ba.

Mai gadin layinmu ya taɓa cewa matarsa a kwali take ajiye kwanukanta. Na aika aka kira shi. Ya zo da mutum uku. Na shige kicin na buɗe famfo da ƙarfi har suka fita.

Alhamis, 18 ga Satumba

Yaya ya zo da keken sabo fil, ko ledar ba a cire ba. Bai yarda Auta ta hau ba, wai ba ta da nauyi. Da kansa ya zauna, da tumbinsa da hularsa, ya tura ya shiga, ya juya dama, ya juya hagu. Ya sake juyawa, ina jin wannan don daɗi ne kawai.

Sai ya tsaya yana kallon bangon ƙurya, inda fenti ya fi haske. Ya san abin da ke wurin da. Ya dube ni, na dubi taga.

"Baba naki ne," ya ce. Sai ya ƙara da cewa akwai wata durowa a gidansa da za ta dace da nan. Ni da Auta da Injiniya muka haɗa baki: "A'a!"

Asabar, 20 ga Satumba

Baba ya iso. Ya yi barcin rana har da minshari. Na leƙa ya fi a ƙirga.

Talata, 23 ga Satumba

Ya iya keken yanzu, daga gado zuwa taga, daga taga zuwa ƙofa, ba ya son a tura shi. Da safe na kai masa shayi, yana kurɓa sai ya ce, "Ina kabad ɗin uwarku? Na san nan aka kawo shi."

Na yi niyyar in ce yana wajen kafinta. Sai na ji bakina ya ce, "Na bayar, Baba. Keken ba ya juyawa."

Ya dubi bangon, ya dubi ƙafafunsa.

"Wa kika ba? Ba dai Goggonki ba?"

Na ce mai gadi.

"To madalla. Da yanzu yana hanya." Ya ƙara kurɓa ya ce, "Ashe dai na fi kabad." Ya miƙo mini kofin, hannunsa ya ɗan daɗe a kan nawa kafin ya saki.

Ban yi kuka ba. Tururin shayi ne.

Wai Auta ta ce kwana biyun nan waƙa nake yi in ina wanke-wanke, irin wadda Inna take yi, wadda tun rasuwarta ban yarda an yi a gabana ba. Sharrin yarinya ne. Ƙila dai sau ɗaya.