Baiti Goma Na Ƙarshe

Siyu, 3 ga Rajab

Zuwa ga ƙanena Shebwana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da kai da matarka Bi Nuru da yara, da kuma gwiwar nan taka da ba ta ƙaunar damina. Mu nan sai godiya. Ka yi haƙuri da manyan haruffan nan, idon ne ya ƙara yin hazo.

Wasiƙarka ta iso ta hannun mai jirgi, kuma na ji faɗan da ke cikinta. Ka ce Lali ya shekara biyu yana jiran 'yarka Swabra, har ya gama gyara ɗaki a Mombasa, kana tambaya me ya hana a sa rana. Kai ma ka san abin da ya hana. A gidanmu macen da ta fara ɗaukar doguwar waƙar kakarmu ba ta barin gida sai ta kai ƙarshenta, an ba ta izini a gaban mata. Ba ni na ƙirƙiro ba, haka na tarar. Baiti ɗari uku ne, ba tallar kifi ba, kuma kowane da muryarsa. Saura baiti goma ta gama.

Kada ka ce ina ƙin yaron. Ina son sa, ita ma tana son sa, da an ambaci sunansa sai ta zuba gishiri sau biyu a miya. Amma tun tana wata bakwai ka kawo mini ita, ranar da muka binne uwarta, saboda haka kada ka koya mini yadda ake son ta.

Ka gaida kowa. Yayarka,
Mwanahawa

Siyu, 19 ga Rajab

Ƙanena Shebwana,

Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyar gida. Wannan karon ka karanta kai kaɗai.

Na yi maka ƙarya a waccan wasiƙar, ko in ce na ba ka rabin gaskiya. Saura baiti goma, haka ne, amma shekara uku ke nan saura goman. Duk ranar da ta zauna ɗauka sai in ce makogwarona ya dushe, ko in mayar da ita baya in ce ta ja wata gaɓa ba daidai ba. Ni na riƙe su. Tsoro nake ji, Shebwana, tsoron gidan nan babu motsinta.

Kai ba ka taɓa zama ka ji waƙar ta ƙare ba, kullum barci ke sace ka tun a tsakiya. Labarin mace ce mai son wani matuƙin jirgi. Ta ɓoye masa tufafi, ta roƙi iska ta kwanta, ta yi ciwon ƙarya, duk don kada ya tafi. A goman ƙarshe sai ta gan shi zaune a bakin gaɓa yana ramewa, ta shiga ruwa har ƙugu ta kwance igiyar jirgin da hannunta. Shekara arba'in ina rera wurin nan a gidajen biki, mata suna kuka, ni kuwa a raina ina cewa gajiya ta yi da shi. Ban taɓa yarda mai so na gaske zai iya haka ba.

Shekaranjiya da hantsi na dawo daga gidan maƙwabciyata Bi Kombo da wuri. Ina soro sai na ji Swabra a tsakar gida tana kankare kwakwa, tana rera waƙa ƙasa-ƙasa. Goman nan ne, ɗaya bayan ɗaya, har da inda nake tsayawa in ja numfashi. Na leƙa na ce, "Ke, a gidan wa kika samo wannan?" Ta ajiye kwakwar ta ce, "Gwaggo, ai duk ranar da kika shiga wanka sai kin rera su, har maƙwabta sun kusa haddacewa." Na ce tun yaushe? Ta ce tun kafin Lali ya fara zuwa. Na ce to me ya rufe miki baki? Ta ci gaba da kankararta, ta ce, "In na tafi wa zai zura miki zare a allura? Jiya ma sukari kika zuba a wake."

Ka ji fa. Ina nan ina ganin ni na ɗaure ta, ashe ita ta zauna da kanta, tana ƙunshe son yaron nan a ciki don kada in rasa mai ja mini hannu. Na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mijina. Kunya ta fi yawa a ciki.

Ka gaya wa mutanen Lali su shirya. Sauran aikin nawa ne.

Taka,
Mwanahawa

Siyu, 24 ga Shawwal

Ƙanena abin ƙaunata,

Gaisuwa da fatan kun isa lafiya, kun huce gajiyar bikin Swabra. Ka ce in ba ka labarin yadda na shawo kanta, tunda maza ba sa shiga wurin ba da izini.

Na bari sai ranar walimar sunan jikar Bi Kombo, da la'asar, ɗaki cike da mata. Na rera har na iso goman ƙarshe, na ja baitin farko rabi, na yi shiru na juya wajenta. Ka san in malama ta yi haka, izini ke nan, kuma ba a mayar da shi. 'Yar nan taka, mai taurin kai irin na ubanta, ta sunkuyar da kai ta ƙi ɗauka. Ni ma na ƙi ci gaba. Muka zauna haka har gahawa ta huce a kofuna. Bi Kombo ta ce, "Ku biyun nan, in gardama za ku yi ku tafi gidanku, mu dai a kwance mana jirgin nan mu ci wainarmu." Aka yi dariya, Swabra ma ta yi, hawaye na zuba, sannan ta ɗauka. Ta fi ni, Shebwana. Inda matar ta shiga ruwa muryarta ba ta yi rawa ba, tawa kuwa kullum sai ta yi. A bakinta na fara jin cewa matar nan ba gajiya ta yi ba, a wurin ne ma ta fi son sa.

Kada Swabra ta damu da ni. 'Yar Bi Kombo tana leƙo ni safe da yamma, abinci kuma ina ci, ko da wani lokaci ɗanɗanonsa kan ba ni mamaki. Kewa dai akwai ta, ba zan ɓoye maka ba, gidan ya yi mini faɗi.

Abu ɗaya nake roƙonka. Ranar da kuka tashi na tsaya a bakin teku har ruwan ya fara janyewa. Ban ga jirginku ba, idona ba ya kaiwa can. Inda na ji ƙarar inji nan na juya, na yi ta ɗaga hannu ina murmushi don ta ga da zuciya ɗaya na sake ta. Ka tambaye ta da dabara, ba tare da ta gane dalili ba, ko ta gan ni, ko kuwa jirgin masu gawayi na yi ta yi wa ban kwana.

Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya bar mu tare.

Yayarka mai ƙaunarka,
Mwanahawa