Kada Ka Tsallaka Iyaka, Yaya Baryalai

Coventry, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga yayana Baryalai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Torpekai da yara. Allah ya ƙara tsare ku a wannan ɗaki na Peshawar. Mu nan ƙasar Turawa lafiya lau, sai sanyi. Har yanzu muna otal ɗin da aka sauke mu, amma an ce za a ba mu gida kafin ƙarshen shekara. Tarin 'yata Spozhmai ya yi sauƙi, har ta fara gyara wa babanta Zalmai Turanci, shi da ya shekara shida yana yi wa sojan Turawa tafinta.

Yaya, mun samo Kyaftin Pryce, wanda ka tuƙa wa tankar ruwa a Nad Ali, can lardinmu na Helmand. Ka san ofishin da ke kwaso waɗanda suka yi wa sojan Turawa aiki ya ce tunda ka ƙone takardunka ranar da mayaƙa suka ƙwace garinmu, ba za a duba maganarka ba sai wani hafsa ya shaide ka. Ranar Asabar ni da Zalmai muka hau jirgin ƙasa zuwa ƙauyen Kyaftin ɗin. Matarsa ta tare mu a ƙofa, ta ce mijinta ya bar soja, kuma ba a zancen Helmand a gidanta, don duk ranar da aka yi sai ya kwana uku bai ci abinci ba. Zalmai ya juya zai tafi. Ni kuwa na ƙi motsi, na ce ya gaya mata ɗan'uwana kwana arba'in ya rage bizarsa ta zama a Peshawar ta ƙare. Ya ce, ke Wazhma, ba a yi wa Turawa haka a ƙofar gida. Na ce ai su ma ba sallama suka yi ba da suka shigo namu. Wannan kam bai fassara ba.

Muna cikin haka mutumin ya fito, duk ya rame. Ya daɗe yana kallon hotonka da na miƙa masa, sannan ya ce bai san sunan ba, direbobinsu sun fi ashirin. Sai na ɗaga hannu na lanƙwasa yatsu biyu, kamar naka da nakiya ta cinye. Ya zauna a bakin ƙofa ya rufe fuska, ya ce ashe kai ne ka koma cikin harbi ka kwaso mutanensa biyu. A teburin kicin ya rubuta shaidar, shafi uku, matar na tsaye. Ofishin ya karɓa. An sa maka ranar ganawa da jami'ansu a Islamabad, ashirin da ɗaya ga wata.

To ga abin da ya hana ni sukuni. Torpekai ta faɗa mini kana shirin komawa garinmu Lashkar Gah ka ɗauko Inna, saboda babu sunanta cikin waɗanda za a kwaso. Kada ka yi wa matarka faɗa, tsoro ne ya sa ta faɗa. Yaya, sau biyu mayaƙan da suka ƙwace gari suka je gida nemanka, sun san fuskarka, sun san hannunka. In ka shiga ba za ka fito ba, kuma ranar ganawa ba a sake ta.

Jiya da safe na sami Inna a waya. Ta ce in gaya maka ita tsohuwa ce, babu mai neman ta, Kawu Khushal yana kula da ita, kuma ba za ta bar kabarin Baba ba ko da jirgi ya sauka a tsakar gida. Ta ce ta riga ta sa maka albarka ka tafi, amma in ka tsallaka iyaka dominta, kada ka ƙwanƙwasa mata ƙofa, ba za ta buɗe ba. Tana faɗa tana kuka, amma sau biyu ta maimaita.

Ka gaida Torpekai da Zarlasht da ƙaramin Emal. Zalmai da Spozhmai suna gaishe ku. Ka kira ni da zarar ka isa Islamabad.

Ƙanwarka mai yi maka addu'a,
Wazhma