Lagireton Sabulu da Hajjin Malam Kabo

Zuwa ga:
Mai Girma Umdan Unguwar Misfala,
Makkatul Mukarrama.

Daga:
Alhaji Hadi Ɗanjuma, direba,
Lungun 'Yan Damagaram, Misfala.

12 ga Safar, 1385 (Yuni, 1965)

Game da: Ha'incin kamfanin gyaran motoci da ake kira Mai Shuɗiyar Ƙofa, wanda ya hana wani tsoho tsayuwar Arfa

Ranka ya daɗe,

Kamfanin Mai Shuɗiyar Ƙofa maƙaryaci ne, mudirin reshensa na Makka, wato manajansa Hassan, maha'inci ne, kuma su ne suka cinye wa wani tsoho, Malam Kabo, hajjinsa na bana. Na sa wannan kafin gaisuwa don kada ladabin takarda ya rufe shi. Bayan haka, ina yi maka sallama irin ta Musulunci, ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya da adalci. Na rubuto da Hausa don na san kana jin ta tun daga ɗakin mahaifiyarka, kuma ba na son mai rubuta wa mutane takarda a bakin Harami ya sassauta mini kalma ko ɗaya. Ban yi makaranta ba. Da kaina na koyi rubutu, a kan sitiyari. Idan an ga karkata a harafi a yafe, amma babu karkata a magana.

1. Shekarata ashirin da biyu ina tuƙi tsakanin Makka, Jidda da Madina, takarduna cikakku ne, ban taɓa tsayawa gaban alƙali ba. A ranar 20 ga Zulƙida, 1384, na kai motata reshen wannan kamfani da ke hanyar Utaibiyya, saboda lagireto, wato tukunyar ruwan da ke sanyaya inji, ya fara ɗiga. Ban je don sauƙi ba. Na je ne don suna da rassa a Jidda da Rabig da Ɗa'if, duk da shuɗiyar ƙofa iri ɗaya, kuma allon da ke bisa kowace ƙofa yana cewa aikin reshe ɗaya aikin dukkansu ne. Na ce a cire tsohon a sa sabo. Bayan kwana huɗu aka ba ni motata da lagireto baƙi wul yana sheƙi, da takarda mai hatimi wadda ta ce sabo ne kuma babban injiniya ya duba.

2. Wannan injiniya Bature ne, ba Musulmi ba, yana zaune a Jidda. Ba ya ƙetare iyakar Harami, kamar yadda ka sani. Ban zarge shi da wannan ba. Abin da nake tambaya shi ne, da wane ido ya duba motar da ke Utaibiyya? Na bincika. Takardun nan ana buga musu hatimi a Jidda babu komai a jikinsu, a ɗaure su dami-dami, a aiko wa Hassan ya riƙa cika sunan duk wanda Allah ya kawo masa. Duk direban da ke riƙe da irin wannan takarda a garin nan, shaidar zur ce a aljihunsa.

3. Malam Kabo mutumin ƙasar Damagaram ne, ya haura saba'in. Shekara goma sha ɗaya ya yi a hanya da ƙafa. Ya tsinci auduga a Sudan damina bakwai, a can ya binne matarsa, sannan ya ƙetaro bahar a jirgin itace. Ya je ziyara Madina tare da jama'a, zazzaɓi ya kwantar da shi, motocin alhazai suka taho suka bar shi. Dattawan lungunmu suka roƙe ni in je in ɗauko shi saboda Allah, na amsa. Ranar 7 ga Zulhajji ya yi wanka a miƙati, ya ɗaura harami, ya yi niyya. Ni na riƙe masa buta. Talbiyarsa ta fi ƙarar injin.

4. Ranar 8 ga wata, da azahar, tsakanin Badar da Rabig, tururi ya taso daga gaban mota. Na tsaya na buɗe. Fentin lagireton ya kwaɓe da zafi, sai ga tsohon lagiretona, har da lanƙwasar da na yi masa da kaina shekara uku da suka wuce. An cusa sabulu da garin lalle a hujin, an bi da baƙin fenti. Ranka ya daɗe, na san wannan dabara. Dabarar hanya ce, mai kai mutum gari na gaba kawai. Na kuma san hannun da ya yi ta, domin ni na koya masa. Wada ne, ɗan ƙanwata Ɗaso, wanda na raina a gidana, na koya wa riƙon sifana, na kai shi wannan kamfani da ƙafata na tsaya masa. Na sake gwada sabulun da hannuna, amma ƙarfen ya riga ya ruɓe, ruwa na zuba kamar daga kwando. Motocin da suka wuce a cike suke har bisa rufi. Ba wanda ya tsaya wa tsoho baƙar fata da direbansa, sai wani mai motar gawayi da ya ja mu da igiya zuwa Rabig da safiyar ranar Arfa.

5. A nan ne ƙaryar allon ta fito fili. Na nuna takardata a reshen Rabig. Magatakardan da na samu ya karanta ta sau biyu, ya ce aikin da ke da hatimin reshen Makka ba a taɓa shi sai injiniyan Jidda ya sa hannu, ofishin Jidda kuwa a rufe yake sai bayan Sallah. Ta tagar sito ina ganin sabon lagireto irin na motata a kan katako, har da takardarsa ba a yage ba. Na ce to a manta da hatimi, a sayar mini. Ya ce makullin sito yana wurin mudirinsu, mudiri kuma ya tafi hajji. Wato a sa'ar da Malam Kabo ke zaune a kan tsohuwar taya a inuwar shuɗiyar ƙofa, wani yana tsaye a Arfa da makullin a ɗamararsa yana neman gafara. Na ce a fasa ƙofar, ni zan amsa laifin. Ya ce in ban bar wurin ba zai kira shurɗa, wato 'yan sanda. Da ya ga tsohon yana kuka, sai ya aiko masa da shayi, ya ce a gaya masa hajji kowace shekara ana yi.

6. Ranar Arfa babu mota a hanya, duk suna can. Da ƙyar muka sami mai kai kifi Jidda ya ɗauke mu a bayan mota, tsoho cikin harami yana zaune a kan kwandunan kifi. Daga Jidda muka shigo Makka da hantsin ranar Sallah. Mutane na dawowa daga Muzdalifa da Mina, kawuna a aske, ana yi wa juna barka. Wani da ya ga Malam Kabo da farin mayafi ya rungume shi ya ce Allah ya sa karɓaɓɓiya ce. Tun daga ranar ban ji tsohon ya yi magana mai tsawo ba.

7. Malamai uku sun zaunar da shi sun gaya masa wanda Arfa ta wuce shi sai ya yi umra ya kwance harami, ya rama baɗi. Ya ƙi. Ya ce shi da hajji ya ɗaura, da hajji zai kwance. Yau wata biyu da kwana biyar ke nan. Idan ka bi ta lungunmu bayan la'asar za ka gan shi a gindin bangon gidana: kai a buɗe cikin wannan zafi har fata ta saluɓe, farce ya yi tsawo ya fara lanƙwashewa, mayafi biyun nan sun koma launin ƙasa. Ƙwarƙwata ta cika masa gemu, ba ya kashe ko ɗaya saboda yana cikin harami. Ban yarda da ra'ayinsa ba, na gaya masa a fuskarsa. Amma ba shi ya fara ɓarnar ba. Matata ta ce in sa masa labule don kada masu wucewa su riƙa kallo. Na hana. Ina so a gani.

8. Sau uku na je wurin Hassan. Ranar 18 ga Zulhajji aka ce yana hutun Sallah. Ranar 3 ga Muharram ya karɓe ni a tsaye, ya ce takarda ta ce sabo ne, saboda haka sabo ne. Na ajiye masa lagireton a kan teburinsa, sabulun na maƙale. Ya ce ni na musanya a hanya. Ranar 21 ga Muharram ya canja baki, ya ce laifin ma'aikaci ne kuma sun kore shi, magana ta ƙare. Ya ƙara da cewa ɗan'uwana ne ma, mu je gida mu sasanta kamar yadda irinmu suka saba. Wada kuwa ya rantse mini cewa Hassan ne ya ba da umarni: kusa da hajji duk sabon kaya na manyan motocin alhazai ne, ƙananan direbobi a wanke nasu a shafa fenti. Na yarda da wannan, domin direbobi huɗu a Misfala sun kankare nasu bayan sun ji labarina, biyu sun sami sabulu. Sunayensu na wurina. Amma wannan bai wanke Wada ba. Ya san motar wa yake taɓawa, ya san inda za ta. An ce masa yi, yana da baki da zai ce a'a. Ya ce tsoron kora ya ji saboda 'ya'yansa uku. Duk ɓarawon da na taɓa sani yana da 'ya'ya.

Saboda haka, ranka ya daɗe, cikin ladabi nake roƙon abubuwa kamar haka. A aiko amintacce ya ga lagireton, na rataye shi a ƙofar gidana bisa kan Malam Kabo, ba zan sauke ba sai an zo. A kai wannan takarda gaban shehun kanikawa da hukumar da abin ya shafa, a rufe reshen Utaibiyya har sai an ƙone takardun hatimin nan a bainar jama'a. A kawo Hassan lungunmu da azahar, a cire masa rawani da takalmi, ya tsaya a rana gaban tsohon nan har la'asar, ya ga aikinsa da idonsa. Ba na neman ya ba da haƙuri, haƙurinsa bai da amfani ga kowa. A kuma wajabta wa kamfanin ya ba da mota lafiyayya ranar 8 ga Zulhajji mai zuwa, wadda ni zan duba ni zan tuƙa, ta kai Malam Kabo Arfa. Idan Allah ya karɓi ransa kafin nan, abin da nake tsoro ke nan domin jiya ko kunu bai iya haɗiyewa ba, to Hassan ya ɗauki makararsa, kuma ya yi masa hajjin da ƙafa daga Rabig.

Ban nemi komai don kaina ba. Motata na gyara ta da wani lagireto wurin wani mai dalma a bakin kasuwa, wanda ba shi da allo ba shi da hatimi, kuma har yau ba ta ɗiga ba.

Allah ya taimaki Umda, ya sa wannan takarda ta zama hujja gare ka ba a kanka ba. Ina jiran amsa da dukkan girmamawa.

Naka mai biyayya,
Alhaji Hadi Ɗanjuma

Ƙari: Kada a wahala wajen neman Wada. Tun yana ɗan shekara tara yake garin nan babu iƙama, wato takardar izinin zama, ni nake rufa masa asiri. Ranar 25 ga Muharram na je ofishin fasfo na faɗi sunansa, na raka su har ƙofar ɗakinsa. Uwarsa ta kwana biyu a zaurena tana riƙe mini ƙafa, ban janye ba. An sa shi a jirgin ruwa zuwa Sudan ranar 6 ga Safar. Matarsa da 'ya'yansa suna nan. Ba zai sake ganin Ka'aba ba.