Zurfin Tafkin Otal

Litinin, 3 ga Maris

Rijiyar burtsatsen lambu ta ƙafe. Yau iska kawai injin ya yi ta zuƙa har ya fara warin ƙuna, na kashe shi. Ga dashen lemon aure da mangwaro fiye da dubu uku a leda, shekara biyu ina fama da su, damina kuwa sai nan da wata uku in an yi sa'a. Ɗana Babba ya kira, wai in rufe lambun in koma gidansa, shi da matarsa sun gyara mini ɗaki a bene. Bene! In zauna ina kallon talabijin ana miƙo mini abinci kamar mara lafiya. Na ce masa in dai dashen nan na da rai ba inda zan je. Ya ce, "Idan kuma suka mutu fa, Mama?"

Laraba, 5 ga Maris

Baba maigadin otal ɗin da ke bayan katangata ya leƙo. Otal ɗin ya fi shekara a rufe, amma tafkin ninƙayarsu na nan cike, kore shar, har kwaɗi sun yi gida. Ya ce mai wurin ya yarda in ja ruwan, dama so yake a kwashe. In kwaɗo ya rayu a ciki, maganin da suke zubawa ya daɗe da fita, shuka ma za ta sha.

Na auna da kaina. Tsawo taku ashirin, faɗi taku goma. Na zura gora daga gefen da ke kusa da katangata, ta nutse ta nutse, sai da ta kusa tsayina biyu kafin ta taɓa ƙasa. Murna ta kama ni.

Alhamis, 6 ga Maris

Na ba Babba awon ta waya ya buga mini lissafi. Ya ce duro dubu ɗaya da ɗari uku, ko kusa da haka. Lambun na shan goma sha biyar a rana, ke nan zai kai ni ruwan farko na damina da ƙyar. Sai ya ce, "Amma Mama, zurfin ko'ina ɗaya ne?" Raina ya ɓaci. Na ce tun ba a haife shi ba nake auna tanki da rijiya, rami ai rami ne. Ni a ganina so yake lissafin ya gaza don ya samu abin faɗa.

Asabar, 8 ga Maris

Wani abokin sana'a, mai gonar bakin kogi, ya zo da motarsa, ya ce in ba shi rabin dashen ya riƙe mini a wurinsa har ruwa ya sauka, sai mu raba. Na yi masa godiya na sallame shi. Har da fankama, wai ina da ruwan da zai ishi unguwa. Allah ya shirye ni da bakin nan nawa.

Juma'a, 14 ga Maris

Tiyo biyu na haɗa ta saman katanga. Bayana kamar zai ɓalle, amma lemon ya yi sabon toho.

Alhamis, 20 ga Maris

Ruwan yana sauka fiye da yadda na zata. Rana ma tana shan rabonta, ban sa ta a lissafi ba.

Laraba, 26 ga Maris

Yau na ga ƙasan tafkin.

Daga can ɗaya gefen, wanda ban taɓa zagayawa ba saboda ƙaya da ciyawa, tayil ya fito fili, fari da gansakuka a kai. Na tsaya kamar an dasa ni. Ashe ƙasan gangare ne. Can ɗin ko ƙugu bai kai ba, yana ta sulalowa har zuwa ramin da na zura gorata. Wuri mafi zurfi na auna, na ɗauka duk haka yake.

Baba ya ce, "Ai Hajiya, nan yara ke wasa, can manya ke tsunduma. Na zaci kin sani." Ina zan sani, Baba? Ni da ban taɓa tsoma ko ɗan yatsa a irin wannan wuri ba. Tanki na sani, mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, da rijiya. Waye zai haƙa rami ya bar shi a karkace da gangan?

Abin da ya rage bai fi na mako uku ba. Na zauna a bakin wurin na yi kuka, Baba ya juya baya yana gyaran rediyonsa da ba abin da ya same shi.

Alhamis, 27 ga Maris

Na kira mai gonar bakin kogi. Ya cika wurin da dashen wani. Ya yi ta ba ni haƙuri, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Lahadi, 30 ga Maris

Ban gaya wa Babba ba. Ya tambaya, na ce lafiya lau.

Talata, 1 ga Afrilu

Na fara zaɓe. Mangwaro gaba ɗaya na cire su daga layin ban ruwa, sun fi juriya, haka nake gaya wa kaina. Cikin lemon ma ƙananan na bari. Ina wucewa da tiyo ta gabansu ina kau da kai, sai ka ce masu bina da ido. Ni na yanka kowanne da wuƙata, na haɗa, na ɗaure. Wallahi na san su ɗaya bayan ɗaya.

Laraba, 9 ga Afrilu

Ganye na zuba. In na taɓa leda sai in ji ƙasar kamar dutse. Sama fes, ko gajimare ɗaya babu. Ban ma san me nake jira ba.

Talata, 15 ga Afrilu

Tiyo ya fara jawo laka da 'ya'yan kwaɗi. Na koma kwasa da bokiti, ina sauka ta gangaren nan da ƙafata. Da sauƙin sauka kuwa, an yi shi da kyau.

Asabar, 19 ga Afrilu

Ban je tafkin ba yau, ba abin da zan ɗebo. Na ware lemo shida da suka fi ƙwari, na juye su a tsofaffin bokitai, na ba su ruwan randata. Sauran ban zagaya ta wajensu ba.

Da la'asar na kira matar Babba, ba shi ba. Mun gaisa, mun yi hirar yara. Can na tambaye ta ko barandar benen nan tana samun ranar safe, kuma ko famfonsu na kawo ruwa kullum. Ta ce yana kawowa, Mama, har ɓarna ake yi. Na ji tana so ta ƙara magana, ta haɗiye. Yarinyar na da hankali.

Tambaya kawai na yi. Ban ce zan je ba.