Iskar da Ta Ƙi Fita Daga Birkin Motarka

Zuwa ga Saje, maigidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah Ya haskaka makwancinka, na san ba mai kai maka wannan takarda. Ko da kana da rai ma ba ka cika karanta rubutuna ba, sai ka ce in faɗa maka da baki. To, yau baki ba ya isa inda kake. Kaina ne ya ɗaure, kuma in ba kai ba ban ga wanda zan yi wa wannan bayani ya gane ba.

Gida lafiya. Na fita takaba. 'Yarmu Hauwa ta haihu, namiji, an mayar da sunanka, Abba muke ce masa. Masarar da ka sa aka shuka a gonar Miri ta yi kyau, an girbe, na raba wa maƙwabta kamar yadda ka saba.

Maganar motarka ce ta sa na ɗauki biro. Jar motar nan taka mai ƙofa biyu da gudun tsiya, wadda wani hafsa ya bar maka a mace lokacin da kake kanikancin soja a barikin Shadawanka, ka yi ta fama har ka tashe ta, 'yan unguwa suke ce mata Kwaɗo saboda yadda take durƙushe a ƙasa. A rabon gado ɗanmu Auta ta faɗa wa. Ya samu aiki a Jos, ya ce da ita zai tafi, shi da matarsa Nafisa. Ka san hanyar nan, hawa da gangara da kwana, ka kuma san motarka ba ta san a hankali ba. Mukulli yana hannuna, na ce ba zan bayar ba sai an canja man birki. Tun da ka kwanta ciwo ba wanda ya taɓa ta, kuma kai ka sha gaya min cewa man birki yana shan ruwa idan ya daɗe, ranar da ya ɗau zafi a gangara sai ya ci amanar mutum.

Auta bai yi gardama ba. Ya ce ai ya sha ganin yadda kake yi. Ya sayo sabon mai, ya ɗaga motar, ya kwance tayoyi. Ya zuƙe tsohon man daga ɗan kofin da ke ƙarƙashin bonet, ya yi baƙi kamar shayin da aka manta a wuta, ya cika da sabo. Har tsumma ya shimfiɗa don kada man ya ɗiga ya ci fenti. Ya sa siririn tiyo a bakin ɗan notin da ke jikin birkin tayar baya, ya jefa ɗaya bakin cikin gora. Da ka gan shi da ka ji daɗi. Saura abu ɗaya, wanda zai zauna a kujera ya taka birki yayin da shi yake buɗe noti, tsohon mai da iska su fita. Wa za a kira in ba ni ba? Wannan aikin nawa ne tun kafin a haife shi.

Ka tuna yadda muka fara? Ina amarya a bariki, kana kwance a ƙarƙashin motar mutane kana daka min tsawa in taka, in riƙe, in saki, matan layi suna leƙe suna dariya. Na fito na ce maka ni ba kurtu ba ce, ka nemi wanda za ka yi wa fareti. Washegari ka zo da dabara. Ba sauran magana. Idan ka buga sifana sau biyu a jikin ƙarfe, in yi ta takawa har ya yi tauri, in danne in riƙe. Zan ji birkin yana nutsewa a ƙarƙashin ƙafata, kai ke nan ka buɗe noti. Idan ka buga sau ɗaya, ka ɗaure, in saki. Ka ja min kunne a kan abu ɗaya: idan na ɗaga ƙafa noti yana buɗe, iska za ta koma ciki, aiki ya ɓaci. Ban taɓa ɓata maka ba, kai shaida ne.

Da Auta kuwa, abin ya ƙi. Shi da baki yake faɗa, cikin ladabi, har da sannu. Muka zagaye tayoyin nan duka, daga ta nesa zuwa ta kusa kamar yadda kake yi, yana ƙara mai a kofi kada ya ƙafe. Muka gama, na taka birki, na ji shi lakwaf kamar na taka soso. Muka sake. Kumfa ba ta daina fitowa a tiyo ba. Ya duba ko akwai inda yake yoyo, bai ga komai ba. Muka bari sai washegari, aka ƙaro mai, aka sake, duk kanwar ja ce.

Na rasa abin da zan kama. Wani lokaci in ce yaron ne bai iya ba. Wani lokaci in ce motar ce ta ƙi hannun kowa sai naka, sai in yi istigfari, don ƙarfe ba ya da zuciya. Har na fara zargin ƙafata, ko zaman takaba ya sage ta, ko birkin lafiyarsa lau ni ce ba na jin tauri. Auta ya fara ƙosawa, ranar kama aikinsa tana matsowa. Ni kuma ba zan iya miƙa masa mukulli ya ɗauki 'yar mutane su hau wannan hanya da birkin da ban yarda da shi ba.

A zagaye na ƙarshe na gane. Motar ƙasa-ƙasa ce, wurin a matse, hannun Auta kuma bai saba ba. Duk lokacin da ya juya sifana zai ɗaure noti, sai bakinta ya bugi ƙarfe, ƙwas, sau ɗaya. Ƙafata kuwa sai ta ɗago tun noti bai ɗauru ba. Wallahi ba ni nake ɗaga ta ba. Kunnena yana jiran muryar ɗana, ƙafata tana jin ka. Na kalle ta tana ɗagowa kamar ta wata. Na dafe gwiwa da hannu biyu, na ce wannan karon ba za ta motsa ba, ƙarfen ya yi ƙara, ta motsa.

Ga inda kaina ya fi ɗaurewa, Saje. Na gane, amma ban yi magana nan take ba. Na bari muka gama wannan tayar, muka koma ta gaba. Me ya hana ni? Kunya ce, kada yaro ya ce uwarsa ta fara ruɗewa? Ko kuwa don muddin birkin bai yi tauri ba, motar tana nan a ƙofar gida, Auta yana nan, ni kuma ina zaune a kujerarka ana buga min ƙarfe? Na tambayi kaina har na gaji. Idan na ce ban yi da gangan ba, gaskiya na faɗa. Idan na ce ban ji daɗin ƙarar nan ba, na yi ƙarya.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Duk mitar da nake yi idan ka kira ni daga madafa, da cewa da nake yi ka nemi ɗan aiki, baki ne kawai. Ina son aikin nan. Kai mutum ne marar yawan magana, a gida ma sai a wuni ba a ji bakinka ba. A wannan lokacin ne kaɗai nake tabbata kana sauraren motsina, ina sauraren naka. Kuma ina jin haushinka kaɗan. Me ya sa ba ka taɓa cewa in fito in ga abin da kake yi a ƙasa ba? Shekara da shekaru rabin aikin kawai na sani. Sai a hannun Auta na fara ganin yadda kumfar take fita.

Daga ƙarshe na fito daga motar, na ce ƙafata ta yi tsami, Nafisa ta zo ta zauna. Yarinyar nan ba ta taɓa taka birki ba a rayuwarta. Auta ya yi mata bayani, ya koma ƙasa. Yana faɗa tana yi, sifana tana bugun ƙarfe amma ita Nafisa ko a jikinta, har tana yi masa tsiya wai ya cika surutu. Zagaye ɗaya suka yi, mai ya fito garau ba kumfa ko ɗaya. Auta ya ce in zo in gwada, tunda ni ce mai hukunci. Na zauna, na taka. Birkin ya tsaya cak kamar na taka dutse, daidai yadda kake barin sa. Na sake takawa ina neman laifi, ban samu ba. Na kwance bakin zane na ba shi mukulli.

Yau da hantsi suka tafi. Na tsaya a ƙofar gida har suka sha kwana. Bayan azahar ya kira, ya ce sun isa lafiya, birki ya kama a kowace gangara, ya kuma yi min godiya wai ni na matsa aka gyara. Na yi hamdala. Daga nan na zauna a bakin gado na yi kukan da ban yi ba ko ranar da aka fita da kai, kuma har yanzu ban san na mene ne ba. Ɗana ya tsira, abin da na roƙa ke nan. Amma kafin ya tsira sai da na tashi daga kujerar. Kai da ka san kan kowace mota, gaya min, haka ake yi?

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka, Ya sada mu da alheri. Sai na zo.

Ni ce matarka,
Uwar Hauwa.